Yadda zaka shiga aikin odit na IT da kula da haɗarin kwamfuta, tun daga ƙaramin odita har kujerar manaja

Yawancin masu tambaya a kan wannan layin suna zuwa ne da hoto ɗaya a kansu, wai mutum zaune a ɗaki mai duhu yana fasa sistem ɗin banki. To ba shi bane. Odita na IT aikinsa ya shiga kamfani ko banki ko ma'aikata ya duba ko abinda suka rubuta cewa suna yi don kare kwamfutocinsu da bayanansu da gaske ana yinsa, sannan ya fito da hujja a hannu wadda ko waye ya duba zai yarda. Shi kuma mai kula da haɗarin IT yana tare da masu aikin ne, yana lissafa me zai iya lalacewa, in ya lalace nawa za'a tafka asara, kuma me ya kamata a yi tun kafin ranar ta zo. In kana son kutse ka nemi wancan layin, nan gidan hujja ne da rubutu da haƙuri da mutane.

Aikin ya daɗe, ƙungiyar masu odit na IT da ake kira ISACA yanzu tun 1969 aka kafa ta a Amurka, amma abinda ya buɗe masa kasuwa sosai shine rushewar manyan kamfanonin Amurka biyu saboda maguɗin lissafi, Enron a 2001 da WorldCom a 2002, abinda ya jawo dokar Sarbanes-Oxley a 2002. Sashe na 404 na dokar ya tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Amurka su tabbatar matakan kariyarsu na cikin gida a kan lissafin kuɗi suna aiki, kuma tunda duk wani adadi daga cikin kwamfuta yake fitowa, sai ya zama akanta bazai iya yarda da adadin ba sai wani ya duba masa sistem ɗin da ya haifo shi. Wannan wanin shine kai.

Mataki na farko: ka san kujerar da kake nema

Kujerun uku ne kuma mutane na yawan haɗa su. Ƙungiyar masu odit na cikin gida, IIA, tana da wani tsari na layi uku da ta sabunta a 2020. Layin farko su ne masu aikin da kansu, 'yan IT da masu gudanar da kasuwanci, haɗarin nasu ne. Layi na biyu su ne 'yan sashen haɗari da bin doka, suna tsara ƙa'ida suna sa ido suna bada shawara. Layi na uku shine odit na cikin gida, su basa gyara komai da hannunsu, dubawa suke su kai rahoto ga kwamitin odit na hukumar daraktoci. Bayan su kuma akwai odita na waje, irin su Deloitte, PwC, EY da KPMG, waɗanda ake ɗauko su daga wani kamfani daban. In kai mutum ne mai son a zauna da kai a warware matsala, layi na biyu zai fi maka daɗi. In kuma zaka iya faɗa wa wanda ya girme ka a ofis cewa abinda yake yi ba daidai bane, gobe kuma ku gaisa lafiya lau, to odit naka ne.

Mataki na biyu: tushen, kuma nan ne zan daɗe

Ƙofa biyu ake shigowa ta cikinsu. Wani daga akanta yake, ya san odit amma in aka ce saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ko databes (rumbun bayanai) sai ido ya raina fata. Wani kuma daga IT yake, ya san injin ciki da waje amma bai san yadda ake kafa hujja ba, ya saba da "ai na duba yana aiki". Kowanne sai ya cike giɓinsa. Na akanta ya koyi yadda netwok ke tafiya, Windows da Linux, Active Directory (inda ake riƙe akawun ɗin ma'aikata), SQL (yaren tambayar databes) ko da na karanta tebur ne, da yadda kilawud, wato masu bada hayar saba ta intanet irin AWS da Azure, suke raba nauyin tsaro tsakaninsu da kwastoma. Na IT kuma ya koyi yadda kuɗi ke yawo a kamfani, daga odar saye zuwa biyan ɗan kwangila, daga albashi zuwa rufe littafin wata, don in baka san inda kuɗin suke bi ba bazaka san wane sistem ne ya cancanci ka ɓata masa sati biyu ba.

Sai kuma abinda ake kira ITGC, wato matakan kariya na gama-gari, wanda shi zai cinye maka shekarun farko kusan gaba ɗaya. Kashi uku ne manya: waye ke da izinin shiga ina, yaya ake canza manhaja, da yaya ake tafiyar da aikin yau da kullum irin su bakap, wato ajiye kwafin bayanai.

Ga yadda gwajin izinin shiga yake a zahiri. Zaka karɓi jerin waɗanda suka bar aiki a cikin shekarar daga ofishin kula da ma'aikata, da ranar da kowa ya tafi. Sai ka je wajen admin ka tsaya a kansa ya fitar maka da jerin duk akawun ɗin da ke Active Directory da na manhajar kuɗi, kana kallo, ba wai ya turo maka ta imel ba. Ka zuba su biyun a Excel ka haɗa su da XLOOKUP (fomular Excel mai daidaita jeri biyu) ta lambar ma'aikaci, kar ka haɗa da suna don suna yana maimaituwa kuma ana rubuta shi kala-kala. Duk wanda ya tafi amma akawun ɗinsa na raye ka ware shi gefe. Kar ka tsaya nan fa, ka duba ranar shiga ta ƙarshe, in ka ga mutum ya bar aiki a watan 3 amma an shiga da sunansa a watan 6, to magana ta canza, yanzu tambayar ita ce waye ya shiga kuma me ya taɓa. Waɗanda suka fi wahalar kamawa ma ba masu tafiya bane, masu canjin sashe ne, mutum ya tashi daga wani ofis zuwa wani an ƙara masa sabon izini ba'a cire tsohon ba, shekara kaɗan sai ka tarar shi zai iya ƙirƙiro ɗan kwangila kuma shi zai iya amincewa a biya shi. Dalilin da yasa ake nacewa a kan raba aiki kenan. Jérôme Kerviel na bankin Société Générale a Faransa ya fara ne a sashen da ke duba cinikin 'yan kasuwar bankin kafin ya koma cinikin da kansa, ya san yadda ake binciken ciki da bai, ya rinƙa rufe sawunsa da cinikin bogi, a watan Janairun 2008 bankin ya sanar da asarar Yuro biliyan 4.9.

Canjin manhaja shima haka. Zaka ɗauki samfur daga cikin canje-canjen da aka yi, kowanne ka nemi tiket ɗinsa, wato takardar neman canjin: waye ya nema, waye ya amince, an gwada kafin a ɗora, kuma wanda ya rubuta shi ne ya ɗora da hannunsa ko wani daban? Dabarar da sabbin shiga basa ganewa ita ce, kar ka ɗauki samfur daga jerin tiket kaɗai, don canjin da aka yi ta bayan gida ai bashi da tiket, ka fara daga log, wato rikodin da sistem ɗin kansa ke ajiyewa na abinda aka yi a cikinsa, ka dawo baya ka nemi takardarsa. Duk wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya karanta labarin Knight Capital, wani kamfanin cinikin hannun jari na Amurka: ran 1 ga Agusta 2012 sabuwar manhajar da suka ɗora ta shiga saba 7 cikin 8, ɗayan da bata shiga ba ya farfaɗo da wani tsohon shiri da aka daina amfani da shi, cikin kamar minti 45 sun yi asarar wajen dala miliyan 440, kuma binciken SEC, hukumar da ke sa ido a kasuwar hannun jarin Amurka, ya nuna babu mutum na biyu da ya duba aikin ɗorawar.

Na bakap gajere ne. Kowa zai nuna maka koren alama cewa bakap ya kammala. Kai tambayarka ita ce yaushe rabon da a gwada dawo da bayanan daga cikinsa, ya ɗauki awa nawa, kuma awannin sun yi daidai da abinda kasuwanci ya ce zai iya jurewa?

Mataki na uku: ma'aunan da ake auna mutane da su

Odita baya cewa abu ba daidai bane don ra'ayinsa, dole da ma'auni. COBIT na ISACA, wanda ya fara fitowa a 1996, shi ke maganar shugabancin IT gaba ɗaya. ISO 27001 na tsarin tsaron bayanai ne, bugun 2022 yana da matakan kariya 93. NIST CSF, tsarin tsaron kwamfuta na wata hukumar gwamnatin Amurka, ya fito a 2014, bugu na 2 a 2024 ya ƙara masa sashen shugabanci suka zama ginshiƙi 6. In kamfani na taɓa katin banki akwai PCI DSS mai sharuɗɗa 12. Sai dokokin ƙasar da kake aiki da na hukumar da ke sa ido a kan sana'ar, misali a Tarayyar Turai GDPR ta kare bayanan mutane ta fara aiki a 2018, DORA ta ɓangaren kuɗi kuma a Janairun 2025. Ni dai ban ga amfanin haddace su ba, ka zaɓi ɗaya ka karanta shi da kyau har ka gane me kowane mataki yake son hanawa, sauran zaka ga kusan abu ɗaya suke faɗa da lamba daban.

Mataki na huɗu: satifiket

CISA na ISACA shine wanda kusan duk tallan aikin odit na IT zaka gani an rubuta, tun 1978 ake bada shi. Jarrabawar tambaya 150 ce cikin awa 4, maki daga 200 zuwa 800, ana ci da 450. Fanni 5 ne: yadda ake odit, shugabancin IT, saye da gina sistem, gudanarwa da juriya in masifa ta faɗo, sai kare bayanai. Cin jarrabawa daban samun satifiket daban, sai kana da gogewar shekara 5, duk da digiri da makamantansa kan cire maka har shekara 3 daga ciki, kuma kana da shekara 5 bayan ka ci ka cike sharaɗin. Kenan ba laifi ka rubuta tun kana sabo. Bayan ka samu kuma sai ka rinƙa tara awannin ƙarin ilimi, aƙalla 20 a shekara, 120 a shekara 3.

Abinda ke kada mutane a jarrabawar, musamman ƙwararrun 'yan IT, shine suna amsawa a matsayin mai gyara. Tambaya zata ce odita ya gano kaza, me ya kamata ya fara yi, sai hannunka ya tafi kan "ya toshe ramin", alhali amsar ita ce ya auna girman haɗarin ko ya sanar da mai alhakin. Kayi ta tambayoyin gwaji, kuma duk wadda ka faɗi ka karanta dalilin, har ma wadda ka ci da sa'a.

CRISC na 'yan haɗari ne, ya fito a 2010, gogewar shekara 3 yake nema. CISM na masu shugabancin tsaro, CISSP na ISC2 ya fi nitsewa cikin fasaha, CIA na IIA kuma yana da amfani in burinka ka shugabanci sashen odit gaba ɗaya ba na IT kaɗai ba. Amma don Allah kar ka zama mai tara haruffa a bayan suna, CISA ɗaya da shekara uku na aikin gaske ya fi satifiket biyar babu odit ko ɗaya da ka taɓa rufewa.

Mataki na biyar: aikin farko

Manyan kamfanonin odit makaranta ce mai zafi, cikin shekara biyu zaka ga kamfanoni da yawa da sistem kala-kala, amma lokacin rufe shekara zaka sha aikin dare kuma ITGC zakai ta maimaitawa har ya gundure ka. Odit na cikin gida ya fi natsuwa kuma ya fi zurfi, zaka san waje ɗaya sosai. Wanda yake da aiki a hannu kuma hanyarsa ta fi sauƙi: in odita suka zo sashenku kai ka nemi a baka aikin haɗa musu takardu, ka lura da me suke tambaya da dalilin tambayar, ranar da gurbi ya buɗe a sashensu sun riga sun san fuskarka.

A intabiyu kusan tabbas za'a ce ka bayyana yadda zaka gwada wani mataki. Ka rarrabe musu abu biyu, shin tsarin matakin zai iya hana abinda ake tsoro, sannan shin an bi shi tsawon lokacin da ake dubawa. Ka kuma nuna ka san hujja hawa-hawa ce, abinda aka faɗa maka da baki shine mafi rauni, sai wanda ka gani da ido, sai takarda ko log, sai wanda ka sake yi da kanka ka samu amsa ɗaya. Sikirinshot mara kwanan wata da sunan sistem ba hujja bane.

Mataki na shida: ka iya rubutu

Nan ne ake gane wanda zai hau sama. Duk matsalar da ka gano sai ta amsa abu biyar: me ka tarar, me ya kamata a tarar, me ya jawo, me zai iya haifarwa, me za'a yi. Sabon shiga zai rubuta "kula da akawun yana da rauni", wanda ba wanda zai motsa a kansa. Wanda ya goge zai ce cikin mutum kaza da suka bar aiki, kaza akawun ɗinsu na manhajar biyan kuɗi yana buɗe, ƙa'idar kamfani ta ce a rufe ranar tafiya, dalili kuwa sanarwar tafiyar ta imel ake turawa ga mutum ɗaya in baya nan shikenan. Ka ga yanzu gyaran ya fito da kansa. In baka tono dalilin ba za'a rufe waɗannan akawun ɗin kawai a ce an gyara, baɗi ka dawo ka tarar da sabbi. Kuma kar ka taɓa bari mutum ya fara ganin matsalar sashensa a cikin rahoto, ka zauna da shi tukuna, wani lokaci akwai wani matakin da ke rufe giɓin wanda kai baka gani ba.

Mataki na bakwai: daga siniya zuwa manaja

Siniya odita yana jagorantar odit ɗaya. Manaja shi ke yanke wane odit za'a yi da wanda za'a bari, kuma wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, don sistem ɗari ne ma'aikata biyar. Zaka jera duk abinda za'a iya dubawa, ka auna kowanne da kuɗin da ke bi ta kansa, irin bayanan da ke ciki, canjin da aka yi masa kwanan nan, da rabonsa da odit, sai ka fitar da shirin shekara ka kare shi gaban kwamiti. Zaka duba fayil ɗin yaranka ka tabbatar hujjar ta kai nauyin hukuncin, ka raba awanni, ka san yaushe zaka ɗauko ƙwararre daga waje, kuma ka bi sawun alƙawuran gyara da aka ɗauka, wanda shine aikin da kowa ke gudu.

Sai mitin ɗin rufewa. Shugaban IT zai ce wannan ja ɗin, wato babban haɗari, ka mayar da shi ruwan ɗorawa, wato matsakaici, ai ba'a taɓa samun matsala ba. Ka saurare shi da gaske, in ya kawo hujja ka sauko ba tare da jin kunya ba, in kuma matsin lamba ce kawai ka tsaya, ka rubuta amsarsa yadda ya faɗa a gefen taka, kwamiti su gani. Gaban daraktoci kuma minti goma ne zaka samu, basa son jin sunan saba, so suke su ji wace hidima ce zata tsaya, kwana nawa, kuma wa ke da alhakin gyara.

Manajan yanzu dole ya san haɗarin 'yan kwangila, don rabin sistem ɗin ma ba a gidan yake ba. A 2013 an kutsa cikin sistem ɗin Target, babban kanti a Amurka, ta hanyar bayanan shiga na wani ɗan kwangilarsu mai aikin na'urorin sanyaya, aka kwashi bayanan kati wajen miliyan 40. Ran 19 ga Yuli 2024 sabuntawa ɗaya ta CrowdStrike, kamfanin manhajar tsaro, ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage da bankuna da asibitoci suka tsaya. Ka koyi karanta rahoton SOC 1 da SOC 2, wato rahoton odita na waje a kan matakan kariyar kamfanin da ka ɗauka ya yi maka hidima, ka duba nau'i na 2 ne mai gwajin tsawon lokaci ko na 1 mai rana ɗaya, wane lokaci ya rufe, sannan ka je shafin da ya lissafa abinda kai kwastoma aka bar maka ka yi, yawanci ba mai karanta wannan shafin.

In ɓangaren haɗari ya fi jan ka

Kayan aikinka rajistar haɗari ce, kowane haɗari da mai shi da sunansa, da girmansa kafin matakan kariya da abinda ya rage bayansu. Zaɓi huɗu ne a kan kowanne: a rage shi, a tura wa wani kamar inshora, a bar aikin da ke jawo shi, ko a karɓe shi ido buɗe, kuma karɓar ba kai ke sa mata hannu ba, shugaban da ke da ikon ɗaukar asarar ne. Rajistar da ake buɗewa sau ɗaya a shekara bata da amfani, ka haɗa ta da alamomin da ke motsi kowane wata, misali saba nawa ne facinsu, wato gyaran da ke toshe ramin manhaja, ya wuce wa'adi. A Equifax, kamfanin tara bayanan bashi na Amurka, a 2017 facin ramin manhajar Apache Struts ya fito tun watan Maris, ba'a ɗora ba, aka shiga a watan Mayu, ba'a lura ba sai ƙarshen Yuli, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita.

Daga nan hanya na kaiwa shugaban odit na IT, ko shugaban odit gaba ɗaya, ko shugaban haɗarin fasaha, wasu kuma su tsallaka su zama shugaban tsaron bayanai. Tsallakawa tsakanin layukan abu ne da ake yi kullum kuma yana ƙara wa mutum daraja, sai dai ka kula, in ka taso daga IT ko sashen haɗari ka shiga odit a kamfani ɗaya, ƙa'idar IIA tana ɗaukar adalcinka ya samu tangarɗa in ka duba aikin da kake da alhakinsa a cikin wata 12 da suka wuce. Ka faɗa wa manajanka tun ranar farko waɗanne sistem ne ka taɓa riƙewa, a baka wasu daban har wa'adin ya cika.